Mai Sayar da Tsoro

Ranar Talata aka fasa gidan Olwen,
na uku daga nawa, a gangaren Pontypridd.
Ta tagar kicin suka shiga,
suka ɗauke talabijin da zoben mahaifiyarta,
suka bar mata sawun laka a kan kafet.

Kafin Juma'a wayata ta koyi kuka.
Ƙarfe goma, ina zuba shayi:
"Uwargida Pritchard ce?" Sunan ma sai da ya karya shi.
"Kin san ana sata a unguwarku?"
Na ce na sani, ɗana,
ni na share wa Olwen fasasshen gilashi.
Ƙarfe biyu wata ta kira, murya kamar zuma,
wai kyauta ne, yau kaɗai, gobe farashi zai tashi.
Da Emrys na raye da ya ce,
banza ba ta kai zomo kasuwa.
Shekara talatin ya yi yana haƙar kwal a cikin dutsen nan,
bai taɓa tono kyauta ba.

Sai ga wani a ƙofa, ruwan sama na bin kafaɗarsa,
yaro ne, kwat ta fi shi girma,
Kieran, a rubuce a ƙirjinsa.
Ya shiga lissafa mini raunina:
ƙofar baya, tagar banɗaki, shekaruna,
da cewa ni kaɗai nake kwana.
Na ce, wa ya gaya maka ni kaɗai nake kwana?
Ya dubi takalminsa.

Na sa tabarau, na bi ƙananan rubutun
da suka taru a gindin takarda kamar tururuwa.
Na'ura kyauta, haka ne,
sai dai fam arba'in da biyu duk wata,
har shekara biyar.
Na ce, Kieran, ɓarawon Olwen sau ɗaya ya zo,
naku duk wata zai zo,
kuma ni zan buɗe masa da sa hannuna.
Ya yi dariya, sannan ya tuna bai kamata ba.
Na ba shi biskit biyu, na mayar masa da bironsa.

Ba wai ba na jin tsoro ba.
Da dare katakon bene kan yi ƙara,
in riƙe numfashi ina jira ya zama ƙafa.
Amma tsoron nan nawa ne,
ba mai sayar mini da shi bashi.

Litinin na hau bas zuwa shagon Idwal,
mai yanka mukulli, wanda ya ɗauki makarar mijina.
Bai ambaci ɓarayi ba ko sau ɗaya.
Ƙofa nawa? Taga nawa? Akwai kyanwa?
Kunnenki na ji sosai?
Akwati ɗaya a bangon waje, ido biyu a ciki,
kuɗi sau ɗaya, rasit a hannu.
Ya ce kada in sa shekarar haihuwata a lambar sirri.
Na sa ranar da aka rufe ramin kwal,
wadda ba na mantawa ko na so.

Daren farko, ƙarfe uku, ƙishi ya tashe ni.
Na sauko cikin duhu, na manta.
Jiniya ta tsaga titi gida biyu!
Ni ce ɓarauniyar farko da ta kama,
da kofi a hannu, ba haƙora a baki.
Fitilu suka kunnu ɗaya bayan ɗaya.
Olwen ta fito da kaskon suya,
Gwilym tsoho da lema a naɗe kamar takobi,
silifas ɗinsa ƙafa ɗaya.
Muka sha shayi har huɗu ta wuce.

Da safe wayar ta sake kuka.
"Kin san ana sata a unguwarku?"
Na ce, riƙe, ɗana, ina zuwa.
Na ajiye ta kusa da rediyo, ana hasashen yanayi:
ruwa yau, ruwa gobe.
Na fita shanya duk da haka.